Rahoton Hanya Ranar Hutu: Abin da Rediyo Ke Ji a Titin Birnin Kudu da Gwaram Wanda Google Maps Ba Ya Gani

Matashin da ya saba duba komai a waya yakan yi mamaki idan ya ji mai gabatar da shiri ya dakatar da kiɗa ranar Asabar ko Lahadi don ya ba da labarin hanya. Ofisoshin gwamnati a rufe suke, bankuna ba sa aiki, 'yan makarantar boko suna gida, to cunkoson me ake ba da labarinsa? Kuma ko da akwai, ai duk mai Android yana da Google Maps a aljihu, taɓa allo sau biyu ya isa ya nuna masa inda titi ya yi ja.

Tambayar ba ta banza ba ce. Sai dai amsarta a Birnin Kudu da Gwaram daban take da amsarta a Legas ko Landan, kuma bambancin yana nuna wani gurbi a fasahar taswira da yawancin masu amfani da ita ba su lura da shi ba.

Inda al'adar ta samo asali

A Amurka aka mayar da rahoton hanya sana'a mai zaman kanta. Tun ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni irin su Metro Networks da Shadow Traffic suka riƙa tattara labarin tituna da jiragen sama masu saukar ungulu da wakilai a ƙasa, suna ba gidajen rediyo. Abin lura shi ne, galibi gidan rediyon ba kuɗi yake biya ba. Musaya ake yi: kamfanin ya kawo rahoto kyauta, tashar kuma ta bar masa 'yan daƙiƙoƙi a gefen rahoton ya sayar wa masu talla. Ke nan kowane rahoto talla ne da aka riga aka sayar, kuma mai talla bai san Asabar ko Lahadi ba. Ko titi fayau yake, sai an karanta.

Akwai kuma batun sabo. Tashar WTOP ta birnin Washington ta yi suna da ba da labarin hanya da na yanayi duk bayan minti 10, a kan kowane minti da ya ƙare da 8. Mai sauraro ya riga ya san in ya kunna da ƙarfe 7:18 zai ji. Ranar da ya kunna bai ji ba, gobe wata tashar zai nema. Haka kuma jin an ce "hanya lafiya lau" shi ma labari ne, domin a kansa mutum yake yanke shawarar fita.

A Najeriya, Legas ce ta fara buɗe tashar da ba ta da wani babban aiki sai wannan: Lagos Traffic Radio a kan mita 96.1, wadda ta fara a 2012 zamanin gwamna Babatunde Fashola, tana dogaro sosai da jami'an LASTMA da ke tsaye a mahaɗar tituna. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta bi sahu da tata tashar a Abuja a kan mita 107.1, aka ƙaddamar da ita a 2021.

A Jigawa abin bai ɗauki wannan siffar ba. Babu jirgi mai shawagi, babu rahoto duk minti 10. Labarin hanya yana zuwa ne a cikin wasu riguna: sanarwa daga 'yan sanda ko ƙaramar hukuma, jami'in FRSC da aka gayyato ɗakin watsa shiri, ko direban da ya bugo waya cikin shirin gaishe-gaishe ya ce a gaya wa masu tahowa tirela ta faɗi ta tare hanya. Tashoshin da ake kamawa a yankin, irin su Rediyon Jigawa da Freedom Radio Dutse da Horizon FM, ga kuma na Kano da na Bauchi da ke shigowa gwargwadon inda mutum yake, su ne kafar da irin wannan labari ke bi ya kai ga jama'a da yawa a lokaci guda.

Kalandar titi ba ta ofis ba ce

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa titi ma yana hutun ƙarshen mako. Wannan tunani ne na birnin da yawancin masu mota ma'aikatan ofis ne. Birnin Kudu kuwa gari ne na kan hanya. Motar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil takan bi ta nan, a gaba kuma, wajen Babaldu, hanya ta rabu: wata ta nufi Ningi da Bauchi, wata ta yi wajen Gwaram da Basirka ta shiga ƙasar Bauchi, inda masu zuwa Gombe da Adamawa ke ci gaba da tafiya. Tirelar siminti da tankar mai da motar shanu ba su da Asabar.

Hasali ma daga Juma'a abin yake fara zafi. Ranar ce kasuwar Wudil ke ci, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu a Arewa, kuma duk wanda zai shiga Kano daga kudancin Jigawa sai ya bi ta cikin garin ya haye gadar. Da azahar masallatan Juma'a da ke bakin titi sukan cika har sahu ya fito kan kwalta. Bayan an sauko ne ma'aikatan da ke aiki a Dutse suke kama hanyar garuruwansu, ko Kano inda da yawa suka ajiye iyali, sannan su juyo yammacin Lahadi ko asubahin Litinin. Kasuwannin mako-mako na yankin, irin ta Sara a ƙasar Gwaram, kowace da ranarta, kuma ba wadda ta duba kalandar ofis kafin ta zaɓa.

Sai biki. Ɗaurin aure a ƙasar Hausa ya fi yawa tsakanin Juma'a da Lahadi, saboda a lokacin ne 'yan uwa na nesa ke samun zuwa. Ayarin kai amarya kuwa kowa ya san halinsa: motoci cike maƙil, samari a kan babura suna tsere, direbobin da wasunsu aron motar suka yi, tafiya kuma sau da yawa bayan magariba. Wannan shi ne bambancin matafiyin ƙarshen mako da na tsakiyar mako. Direban haya da ke bin hanyar Gwaram kullum ya san kowane rami da sunansa. Wanda ya zo daga Kaduna ɗaurin auren abokinsa bai san komai ba, kuma shi ne ya fi bukatar a gaya masa.

Wasu abubuwan ma ba sa faruwa sai ranar Asabar. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Wanda ya yi sammako daga Birnin Kudu don ya riski Kantin Kwari da wuri, in bai tuna ba, a bakin gari zai zauna yana kallon agogo. Manyan zaɓuka ma ranar Asabar ake yin su, kamar na 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023, kuma ana hana zirga-zirga. Ga hawan sallah da ke sa a rufe tituna a garuruwan masarautu. Duk waɗannan rufewa ce ta umarni, wadda aka sani tun kafin ranar. Ba sai mota ta maƙale ake gane ta ba, sanarwa kawai take bukata.

Yadda taswirar waya ke "ganin" cunkoso

Google Maps ba shi da ido a kan titi. Launukan nan na kore da ruwan lemo da ja, daga wayoyin mutane ake samo su. Duk wayar da ke kunne da alamar wuri, kuma mai ita ya amince, tana aika bayanin inda take da saurin da take tafiya. Idan wayoyi da yawa a kan titi ɗaya suna tafiya a hankali fiye da yadda aka saba, sai na'ura ta ce akwai cunkoso ta shafa ja. Ana haɗa wannan da tarihin yadda titin yake kasancewa a irin wannan rana da wannan lokaci, da rahotannin da masu amfani ke shigarwa da hannu, salon da manhajar Waze ta shahara da shi kafin Google ya saye ta a 2013.

Wani mai fasahar zane a Jamus, Simon Weckert, ya nuna iyakar wannan dabara a 2020. Ya zuba wayoyi 99 a cikin ƙaramin amalanke, ya ja su a ƙafa a titunan Berlin da babu kowa, sai ga taswira ta nuna titunan sun yi jajir. Na'urar ba motoci take ƙirgawa ba, wayoyi take ƙirgawa.

To a juya misalin. Idan wayoyi 99 ba tare da mota ba suna iya haifar da cunkoson ƙarya, motoci 99 ba tare da waya mai data ba fa? A Legas ko cikin Kano matsalar ba ta taso ba, domin a kowace mota akwai wayoyi da yawa a kunne. A hanyar ƙauye kuwa lissafin daban ne. Da yawan direbobin haya ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Fasinjan da ke da Android yakan kashe data don kada ta ƙare, ya kashe alamar wuri don batir ya kai shi gida, musamman tun da aka ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Akwai kuma wuraren da sabis ɗin kansa ke ɗaukewa. Sakamakon shi ne, titi yakan fito ba launi sam, ko ya fito da launin da aka gina a kan wayoyi ƙalilan. Wanda ya sauke taswira don amfani ba tare da intanet ba, shi ma ya sani: hanya za ta nuna, amma halin da take ciki a yanzu ba zai nuna ba.

Wannan ma ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da ta gaba. Taswira jinkiri take aunawa, ba haɗari ba. Abin da ke kashe mutane a hanyoyin kudancin Jigawa ba gosulo ba ne.

A safiyar Lahadi 15 ga Agustan 2021, bayan ruwan sama mai ƙarfi ya karya gada a ƙauyen Radabi da ke kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta zo ta afka cikin wurin. Mutum 21 suka rasu. A duba wannan da idon na'ura: gada ta tafi a lokacin da titi ba kowa. Ba jerin motoci, ba wayoyin da suka rage gudu, ba abin da zai sa layi ya koma ja. A wurin manhaja, titin da ba kowa titi ne mai kyau. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a kan karyayyar gada wanda ya jira gani ya makara. Labarin farko na irin wannan wuri kullum a bakin mutum yake: manomin da ya fito duba gona, ɗan acaɓan da ya juyo, mai unguwar da aka tasa daga barci. Tambayar ita ce ta wace kafa zai fita daga bakinsu ya isa kunnen direban da ke tahowa daga nesa.

Ba a ce rediyo zai iya hana kowane irin wannan ba. Ruwa yakan yi ɓarna cikin dare, lokacin da wasu tashoshin ma sun rufe. Amma abin ya faru ne ranar Lahadi, a tsakiyar damina, kuma wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa rahoton hanya na ranakun aiki ne. A Agustan 2024 ma ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, dole matafiya suka nemi wasu hanyoyin. Idan babbar hanya ta yanke, ƙananan da ke maƙwabtaka da ita ne ke ɗaukar nauyin, da manyan motocin da ba don su aka gina kwalbatocinsu ba.

To ai akwai WhatsApp

Akwai, kuma shi ne mafi sauri. Kafin kowace tasha ta ji labari, hoton ya riga ya zagaya zaurukan 'yan gari da na direbobi. Matsalarsa guda ce amma babba: saƙon murya da bidiyo ba sa ɗauke da kwanan wata. Bidiyon gadar da ta karye shekara uku da suka wuce yakan dawo duk damina da sabon rubutu, "yanzu-yanzu". Wani lokacin ma ba a jihar aka ɗauke shi ba. Wanda aka ruɗa sau biyu, ranar da na gaskiya ya zo sai ya share.

Rediyo kuwa abin da ya faɗa yanzu, yanzu ya faɗa. Tasha tana da suna da adireshi da lasisin Hukumar NBC, in ta yaɗa ƙarya akwai inda za a kama ta, shi ya sa edita mai hankali yakan buga wa jami'in FRSC ko 'yan sanda ko shugaban tashar mota kafin ya saki labari. Sannan WhatsApp sai wanda ke cikin zaure yake gani. Baƙon da ya taso daga wata jiha ba ya cikin zauren 'yan Gwaram, amma rediyon motarsa zai kama duk tashar da ke yankin. Kada a manta kuma, duba waya a kan tuƙi laifi ne a dokar hanya, sauraro kuwa ba ya ɗauke ido daga titi.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da gidajen rediyon su ma. Ƙarshen mako ne lokacin da suka fi rauni. Ma'aikata kaɗan ne a bakin aiki, shirye-shirye da yawa naɗaɗɗu ne tun tsakiyar mako, wasu sa'o'in kuma an sayar wa 'yan siyasa da masu maganin gargajiya. Ana iya samun sa'a biyu cur ba wanda zai iya katse shiri ya ce ga abin da ke faruwa. Wato ranakun da matafiya baƙi suka fi yawa su ne ranakun da makirfo ya fi zama ba kowa. Gyaran ba mai tsada ba ne: lambar waya ɗaya da aka sani, wanda ke kan aiki yana da izinin katse shiri, da yarjejeniya da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a kullum su ne ke fara jin halin hanya daga direban da ya sauke lodi. Tsarin Amurka ma zai yi aiki a nan. Mai gidan mai ko mai sayar da taya ba zai ƙi a ambaci sunansa a gefen labarin da kowane direba ke kasa kunne ya ji ba.

Rediyon da ke cikin aljihu

Abin dariyar shi ne, da yawan masu raina rediyo suna yawo da shi ba su sani ba. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel suna zuwa da manhajar FM, haka wasu na Samsung masu sauƙin kuɗi da na Redmi. Wannan rediyo ne na gaske, ba ya cin data, ba ya bukatar sabis ko layi. Abin da yake bukata shi ne iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriya, daga nan ana iya mayar da sautin kan lasifikar waya. Iyafis na Bluetooth ba zai yi wannan aikin ba. Wasu ƙananan wayoyi masu madannai ma ba sa bukatar igiyar. Masu iPhone kuwa ba su da wannan gata, sai dai su saurara ta intanet.

Sauraro ta intanet, ta manhajar tasha ko irin su Radio Garden, yana da amfaninsa: mutum na Abuja zai iya jin tashar Dutse kafin ya taso. Amma yana da farashi. Sauti mai ingancin kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 29 a sa'a guda, tafiyar sa'a uku ta kusa megabait 90, kuma da zarar sabis ya ɗauke sautin ya tsaya. Akwai wani bambancin na asali kuma. Turken sadarwa yana raba ƙarfinsa ne tsakanin masu amfani, shi ya sa a wurin taro ko haɗari, inda kowa ke kira lokaci guda, layi yake cushewa. Na'urar watsa rediyo kuwa ko mutum 10 ne ke saurare ko miliyan, ƙarfinta ɗaya ne.

FM ma yana da iyakarsa. Zangonsa kusan a miƙe yake tafiya, don haka duwatsu irin na Dutse da Birnin Kudu da kwaruruka suna iya tare shi, sauti ya riƙa shashshaka. Zangon AM ya fi nisa, musamman da dare, amma wayoyi ba sa kama shi, sai rediyon mota ko na hannu.

Masu motocin da aka shigo da su daga Turai za su ga wani maɓalli a jikin rediyo an rubuta TA. A can, tashoshi suna aika wata ɓoyayyar alama tare da sauti ta tsarin da ake kira RDS, idan lokacin rahoton hanya ya yi sai rediyon ya dakatar da waƙar da ake ji da kansa, ya ƙara murya, in an gama ya koma. Sai tasha tana aika alamar maɓallin ke aiki, shi ya sa a nan yawanci ado ne kawai.

Ga wanda zai bi hanyar Birnin Kudu ko Gwaram a ƙarshen mako, musamman daga Yuli zuwa Satumba, haɗa kafofin ya fi zaɓar ɗaya. Google Maps yana da amfani a mashigar Kano da Wudil, inda wayoyi suke da yawa. Daga nan zuwa gaba, rediyo da tambayar 'yan kamasho a tasha sun fi shi sanin gari, kuma in an kwana ana ruwa, jinkirta sammako har gari ya waye sosai ya fi kowace manhaja. Wanda kuma ya ci karo da ɓarna a hanya, lambar FRSC ta kyauta ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. In zai tura saƙo zaure ko ya buga wa gidan rediyo, ya faɗi sunan ƙauyen da ke kusa, da ɓangaren da abin ya shafa, da ko ƙaramar mota na iya wucewa, sannan ya ambaci rana da ƙarfe nawa a cikin muryar kanta, yadda ko an tura saƙon gaba sau ɗari kwanan watan yana tare da shi.